Lanƙwasa Ba Karkata Ba Ce

Wanda ya tashi daga Agadez ya nufi arewa maso gabas, zuwa Tabelot da ke gindin dutsen Bagzan, zai yi tafiyar fiye da kilomita 100 a kan hanyar da ba ta san miƙewa ba, domin tana bin bakin ƙoramu ne tana kauce wa duwatsu. Idan ya isa, abin da zai fara cika masa ido shi ne koren garake: albasa da tafarnuwa da dankalin turawa, da alkama da masara, da itatuwan dabino, duk a jere a gefen busasshiyar ƙorama, irin wadda Faransancin Nijar ke kira kori, Abzinawa kuma su ce eghazer. Ƙoramar ba ta gudu sai ƴan kwanaki a shekara, cikin damina, lokacin da ruwan sama ya sauka a kan duwatsu ya gangaro. Amma ruwan da yashinta ya sha a waɗannan kwanaki shi ne rijiyoyi ke ja har shekara ta zagayo, ko da raƙumi da guga bisa dabarar nan ta takarkart, ko da injin ban ruwa. Albasar da manyan motoci ke ɗauka daga nan zuwa Agadez, daga can zuwa kasuwannin ƙasashen gaɓar teku, da wannan ruwan aka shayar da ita.

Ɗan mai garka da ya shiga kolej zai sake gamuwa da ƙoramar tasu a darasin labarin ƙasa, wannan karon da sunan Faransanci: méandre. Da yake malami ya san rabin ajin bai kama kalmar ba, sai ya sauko da ita cikin Hausa, harshen da yaran suka saba ji a kasuwa da tashar mota. A nan ne ɓarnar take aukuwa. Wani malamin zai ce "inda ruwa ya karkace", wani ya ce "kwana-kwanar rafi", wani ma ya ce "murɗaɗɗiyar ƙorama". Yaro ya rubuta, ya haddace, ya ci jarrabawa. Abin da ya koma gida da shi a cikin kansa shi ne cewa ƙoramar da ke ciyar da gidansu tana da aibi a halittarta, tun da dai duk kalmomin nan uku kalmomin zargi ne a bakin Bahaushe. Alhali kuwa Hausa tana da kalmar da ta dace da wannan siffa, kalma wankakkiya wadda ba ta ɗauke da tuhuma, wato lanƙwasa. Wannan maƙala ƙorafi ce a kan yadda ake barin kalmar tana tsufa a bakin tsofaffi, ana kuma maye gurbinta a aji da kalmomin da ke koya wa yaro raina abin da ya kamata ya fahimta.

Dangin kalmomi da aikin kowace

Hausa ba ta da talauci a wannan fanni. Akwai lanƙwasa, da tanƙwara, da karkata, da murɗa, da lauya, da naɗa, da kewaya, sannan ga baƙuwar da ta zama ƴar gida, kwana. Kowace tana da gonarta, kuma tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba ba za ta yi kuskuren shiga gonar wata da wata ba.

Karkata tana nufin abin da ya kamata ya tsaya a miƙe amma ya bar matsayinsa. Katanga ce ke karkacewa idan tushenta ya jiƙe, kaya ne ke karkacewa a bayan jaki idan ba a daidaita ɗauri ba. Saboda haka ne ake cewa an karkatar da kuɗin jama'a, wato an kautar da su daga inda aka nufa da su. Duk inda aka ambaci karkata, akwai wani ma'auni a ɓoye wanda aka saɓa wa.

Murɗa tana ɗauke da ƙarfi da tilas. Ana murɗa igiya, ana murɗe wuyan kaza, ciki yana murɗawa. Daga nan aka sami murɗiyar zaɓe, da murɗaɗɗen mutum wanda ba a gane gabansa balle bayansa.

Kwana kuwa aro ce daga Ingilishi, ta shigo ta bakin direbobin Nijeriya, kuma tana nufin wuri guda a kan hanya inda mota ke juya kai. Da aka ninka ta ta zama kwana-kwana, sai ta koma sunan halin mutumin da ba ya fitowa fili ya faɗi gaskiya. Idan ɗan kasuwa ya ce ba ya son kwana-kwana, ba maganar hanya yake yi ba.

Lanƙwasa dabam take da waɗannan duka. Ita siffa ce ta abin da ya saki jikinsa ya bi wani layi mai laushi ba tare da ya karye ba, kuma sau da yawa amfaninsa yana cikin wannan siffar ne. Lauje lanƙwasasshe ne, in aka miƙe shi ya tashi daga lauje. Haka bakan maharbi, da ƙugiya, da jinjirin wata, da wuyan raƙumi, da reshen dabino da nauyin ƴaƴa ya rinjaya. Babu wanda zai kalli lauje ya ce ya karkace, sai fa in an taka shi ya lalace. Ashe ke nan abu ɗaya yana iya zama lanƙwasasshe yana lafiya lau, ranar da ya sami matsala kuma a ce ya karkace. Harshen da ya iya raba waɗannan biyu ya riga ya yi wa malamin labarin ƙasa rabin aikinsa. Gaskiya ne ana cewa wane ya lanƙwasa wane, ma'ana ya juya shi yadda yake so. Amma ko a nan abin da kalmar ke nunawa shi ne taushi da karɓar siffa, irin na iccen da karin magana ya ce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga ina kuskuren ya fito

Masu kare al'adar nan ta aji suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa ai kowane harshe yana ɗaukar miƙewa a matsayin alheri, lauyewa kuma a matsayin sharri, don haka babu laifi idan Hausa ta yi haka. Faransanci kansa shaida ne: droit tana nufin miƙaƙƙe, tana nufin haƙƙi, tana nufin shari'a, tortueux kuma, wadda ake siffanta mayaudari da ita, tushenta ɗaya da tort, wato laifi. A wa'azi da tarbiyya ma Bahaushe ya taso yana jin yabon hanya madaidaiciya da zargin karkatacciya.

Duk wannan haka yake, kuma babu mai neman a taɓa shi. Maganar hali da ɗabi'a tana da muhallinta. Abin da masu wannan hujja suka ƙi lura da shi shi ne cewa Faransanci, duk da tortueux da yake da ita, bai yarda ta haɗiye sauran ba. Ya ajiye courbe ga mai lissafi, ya ajiye sinueux ga mai siffanta hanya, ya ajiye lacet ga hanyar hawan dutse, ya ajiye méandre ga kogi. Ita méandre ɗin ma asalinta sunan wani kogi ne na yammacin ƙasar Turkiyya ta yau, wanda Girkawan dā suke kira Maiandros, yanzu kuma ake ce masa Büyük Menderes. Yawan lanƙwashe-lanƙwashensa ne ya sa sunansa ya zama sunan siffar. Malamin Faransanci da zai ja wa ɗalibi jan layi idan ya rubuta tortueux a gurbin sinueux, shi ne kuma zai juya cikin Hausa ya zuba karkata da murɗa da kwana cikin ƙwarya guda ya dama. Yana kiyaye martabar harshen aro, yana sakaci da nasa. Wannan sakaci ba ya rasa nasaba da wani tsohon zato da lakwal ta dasa, cewa Hausa harshen kusan-kusan ne, wanda ake amfani da shi don a tallafa wa yaro kafin ya kai ga ainihin ilimi cikin Faransanci. Wanda ya ɗauki harshe a matsayin sanda ta wucin gadi ba zai damu da zaɓen kalma ba.

Abin da lanƙwasa take yi wa ƙorama

Da a ce maganar ta tsaya ga daɗin baki ne kawai, da sai a bar ta ga mawaƙa. Amma a ƙasa irin ta Abzin, fahimtar lanƙwasa fahimtar abinci ce.

Idan ruwa ya shiga lanƙwasa, ba ya gudu da sauri ɗaya a faɗin ƙoramar. A gefen waje yana da ƙarfi da zurfi, yana cin gaɓa. A gefen ciki yana lafawa, yana ajiye yashi da laka. A shekarar 1926 Albert Einstein ya rubuta wata ƴar gajeruwar maƙala a kan dalilin haka, kuma misalin da ya kawo misali ne da kowane Ba'abzine zai iya gwadawa a gaban murhun shayinsa: idan aka juya ruwa a cikin kofi da cokali, ganyen shayin da ya kwanta a ƙasa ba ya watsuwa zuwa gefe, taruwa yake yi a tsakiya. Dalili shi ne ruwan da ke ƙasa yana gogar gindin kofin yana rage gudu, sai wani zagaye na biyu ya samu, wanda ke sauka ta gefe ya bi ƙasa ya nufi tsakiya. Haka yake faruwa a lanƙwasar kogi: ruwan sama-sama yana dukan gaɓar waje, na ƙasa yana kwaso abin da aka cinye yana kai shi gaɓar ciki. Masu binciken koguna, tun daga aikin Luna Leopold da Gordon Wolman na 1957, suna auna wannan siffa da lissafi mai sauƙi: a raba tsawon kwarin ruwan, yadda yake bin lanƙwasarsa, da tsawon miƙaƙƙen layi tsakanin farkonsa da ƙarshensa. Idan sakamakon ya kai 1,5 sai su kira kogin mai méandres. Ƙoramun Abzin da yawa dutse ne ke tilasta musu hanya, wasu kuma shimfiɗar yashi ce mai faɗi da ruwa ke rarrabuwa a cikinta. Amma dokar gaɓar da ake ci da gaɓar da ake ajiyewa tana aiki a duk inda ruwa ya juya.

Ban da haka, lanƙwasa tana ƙara wa ruwa tsawon tafiya, tsawon tafiya yana rage masa gangara, raguwar gangara tana rage masa gudu, ruwan da ya rage gudu kuwa shi ne ke samun sukunin nutsewa cikin yashi ya cika rijiya. A wurin da ruwa ke zuwa sau ƙalilan a shekara, kowace sa'a da ya ƙara a cikin kwari riba ce ga mai garka.

Ƙasashen da suka ɗauki lanƙwasa a matsayin aibi sun biya kuɗin wannan fahimta. A Jamus, tun daga 1817, bisa tsarin injiniya Johann Gottfried Tulla, aka shiga datse lanƙwasoshin kogin Rhin, har aka rage masa kimanin kilomita 80 tsakanin Bâle da Worms. An sami filin noma, zazzaɓin cizon sauro ya ragu, wannan ba a musu. Sai dai kogin ya ƙara gudu, ya haƙe gindinsa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi nisa a wasu yankuna, ambaliya kuma ta riƙa isa garuruwan da ke ƙasa da sauri fiye da dā. A Amurka, a jihar Florida, tsakanin 1962 da 1971 aka mayar da kogin Kissimmee mai tsawon kilomita 166 miƙaƙƙiyar magudana mai kilomita 90. Fadamu suka bushe, tsuntsaye da kifaye suka ƙaura. Daga 1999 zuwa 2021 hukumomin ƙasar suka kashe maƙudan kuɗi suna cike wani sashe na magudanar, don su mayar wa kogin lanƙwasar da suka raba shi da ita. A nan gida kuwa, ƙasar da ɗaya daga manyan gandayen dajinta, wato W, wanda aka kafa a 1954, ya samo sunansa daga lanƙwasar kogin Isa mai kama da wannan harafi, bai dace a ce ƴaƴanta ba su da sunan wannan siffa cikin harshen da mafi yawansu ke ji ba.

Ai ƙorama tana cin garka

Akwai hujja ta biyu wadda ta fi ta farko nauyi, domin daga bakin masu garake take fitowa. Za su ce: mai yabon lanƙwasa bai taɓa kwana yana jin ƙarar ruwa yana cin gaɓar garkarsa ba. Wannan gaskiya ce mai ɗaci. A farkon watan Satumba na 2009, bayan ruwa mai yawa ya sauka a kan duwatsun Abzin, ƙoramar Telwa ta ɓalle ta rushe unguwanni a birnin Agadez, garake masu yawa kuma suka salwanta a ƙananan hukumomin yankin, har da Dabaga da Tabelot: rijiyoyi suka cike da yashi, injuna suka tafi, ƙasar noma ta bi ruwa. Ko a shekarar da ba a yi ambaliya ba, zaizayar gaɓa tana rage filin noma taku bayan taku, shi ya sa ake ta ɗaura ragar ƙarfe cike da duwatsu a bakin ƙoramu.

Amma wannan hujja, in aka dube ta da kyau, goyon bayan ƙorafin nan take yi. Wanda aka koya wa cewa ƙorama karkatacciya ce, magani ɗaya zai zo masa a rai, wato a miƙe ta. Wanda aka koya wa cewa lanƙwasasshiya ce, zai yi tambayar da ta fi amfani: wace gaɓa ce ake ci, wace ce ake ajiyewa? A ina ya kamata a sa ragar duwatsu, a ina kuma sa ta asarar kuɗi ce? Idan aka kare wannan gaɓa, garkar wa ruwan zai koma duka a ƙasa? Yaron da ke kolej yau shi ne gobe zai zauna a majalisar ƙaramar hukuma, ko ya shugabanci ƙungiyar masu albasa, ko ya yi tafinta tsakanin injiniyan da ya zo daga Yamai da dattawan kwari. Kalmar da aka sa masa a baki yana ɗan shekara 13 ita ce zai yi shawara da ita yana ɗan shekara 40.

Littafin Faransanci ma yana da nasa tarkon a nan. Yana kiran gaɓar waje rive concave, ta ciki kuma rive convexe, kuma duk malamin da ya taɓa gyaran takardun jarrabawa ya san yadda ɗalibai ke juya su. Hausa za ta iya faɗin abin kai tsaye: gaɓar ci da gaɓar ajiya. Yaron da ya ji waɗannan sau ɗaya a bakin ƙorama ba zai sake rikita su ba, kuma daga nan concave da convexe za su zauna masa daram.

Lanƙwasa a gona, a dutse, a gini, a rubutu

Ba ƙorama kaɗai ke neman wannan kalma ba. Tun daga shekarun 1980, bayan fari mai tsanani, manoman Adar da na wasu yankuna suka rungumi dabarar ramukan rabin wata don farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Sirrin ramin yana cikin lanƙwasarsa: bakinsa yana fuskantar gangara, hannuwansa biyu suna rungumar ruwan da ke gudu. Jerin duwatsun da ake shimfiɗawa a gona don tare zaizaya ma ba a ja su a miƙe. Ana bin layin da ƙasa take daidai da juna a tsayi, wanda taswira ke kira courbe de niveau. Malamin da ya fassara wannan da "karkataccen layi" ya faɗi akasin abin da ake nufi, domin wannan layi shi ne kaɗai layin da bai karkata ko kaɗan ba: ko'ina a kansa tsayi ɗaya ne. Lanƙwasasshe ne, kuma daidai yake. Wannan misali kaɗai ya isa ya nuna cewa a Hausa miƙewa dabam, daidaito dabam.

Hanyoyin ƙafa da na jakuna da ke hawa Bagzan, dutsen da ƙololuwarsa Idukal-n-Taghes ta kai mita 2022, mafi tsawo a Nijar, suna hawa ne da lanƙwasa bayan lanƙwasa, saboda jaki mai ɗauke da buhun tafarnuwa ba ya iya fuskantar gangara kai tsaye. Tsawaita hanya shi ne sassauta ta. Madugan Kel Ewey da suka yi ɗaruruwan shekaru suna kai ayari Bilma su ɗauko gishiri da dabino, sannan su gangara ƙasar Hausa neman hatsi, sun san hanyar rijiya ta fi hanyar tsuntsu, kuma Bahaushe ya taƙaita musu ilimin cikin karin magana: hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Tsohon birnin Agadez, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, lungunansa suna lanƙwasa ne, suna ba da inuwa suna karya ƙarfin iska mai ƙura. Magina Hausawa kuma sun gina sunansu a kan bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginshiƙin ƙasa da azara da ke ɗauke da rufin soro, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai shi matuƙa a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Da magini zai ji an ce bakan gizonsa ya karkace, da ya fitar da mutane daga ɗakin kafin ya faɗo musu.

Misali na ƙarshe yana kan allon kowane malamin Hausa. Haruffa huɗu na rubutun boko, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ana kiran su masu lanƙwasa, ko masu ƙugiya. Taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya tabbatar da matsayin haruffa masu lanƙwasa a rubutun Hausa, dokar daidaita rubutu ta Nijar ta 1999 kuma ta jaddada su. Wannan ƴar lanƙwasa da ke kan harafi ita ce ke raba ƙasa da kasa, da baƙi da baki, da ɗaki da daki, da ɓari da bari. Wanda ya miƙe ta ya rushe ma'ana. Kalmar lanƙwasa ita kanta ba ta rubutuwa daidai sai da lanƙwasa a tsakiyarta. Abin mamaki ne malami ya yi awa guda yana koya wa yara darajar lanƙwasa a darasin rubutu, a awa ta gaba abokin aikinsa ya shigo ya ce musu sunanta karkata.

Ba ƙyamar aro ba ce, ba kuma danniya ba

Za a ce wannan tsaurin ra'ayi ne irin na masu son tsarkake harshe, tun da kwana ita ce kalmar da matasa ke amfani da ita. Amsa ita ce babu wanda ke faɗa da aro. Mota da lakwal da likita da asibiti duk baƙi ne da suka zauna lafiya, domin sun zo da abin da babu. Kwana ma tana da wurinta a bakin direba, kuma ta cancanci wurin. Abin ƙi shi ne baƙo ɗaya ya kori ƴan gida biyar, harshe ya wayi gari da kalma guda inda dā yake da shida. Ƙamusun Bargery na 1934, da Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdu Mijinguini na 1987, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, duk suna nan ga mai son bincike. Abin da ya yi ƙaranci shi ne malamin da zai buɗe su kafin ya shiga aji.

Akwai kuma abin da ya wajaba a faɗa game da Tabelot musamman. Harshen gida a can Tamajak ne. Hausa harshen kasuwa ce da tafiya da hulɗa da kudu. Mutanen da suka shekara ɗaruruwa suna zaune da ƙoramu ba za su rasa sunayen sassanta cikin harshensu ba, kuma kare kalmar Hausa ba izini ba ne na binne nasu. Nijar ta fara gwajin koyarwa cikin harsunan gida a 1973 da makarantar Hausa da Faransanci a Damagaram, daga baya aka ƙara wasu harsuna har da Tamajak. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa guda 10. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ko mutum ya yi murna da wannan mataki ko ya yi ɗari-ɗari da shi, abu ɗaya ya tabbata: nauyin da ke kan Hausa ya ƙaru. Harshen da aka ɗora wa wannan matsayi dole ya iya ɗaukar darasin labarin ƙasa da na lissafi ba tare da zubar da rabin ma'ana a hanya ba, dole kuma ya shiga kwarin Abzin da ladabin baƙo. Idan Hausar da za ta isa ajin Tabelot ita ce Hausar kusan-kusan, to an cuci yaron sau biyu: ba a koya masa da harshen uwarsa ba, wanda aka ba shi a madadi kuma an ba shi gurgu.

Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyi

Gyaran ba ya bukatar kasafin kuɗi. Malaman Hausa da na Faransanci da na labarin ƙasa na kowace makaranta za su iya zama na yini ɗaya su amince da ƴan kalmomi: lanƙwasa ga courbe, lanƙwasar kogi ko ta ƙorama ga méandre, mai lanƙwashe-lanƙwashe ga sinueux, gaɓar ci da gaɓar ajiya ga gaɓoɓin biyu, a bar karkata ga abin da ya kauce wa matsayinsa, a bar kwana ga direba, a bar kwana-kwana ga mayaudari. Ƙungiyoyin raya harshe da al'adu, waɗanda suka fi ba da ƙarfi ga gasar waƙa da wasan kwaikwayo, za su iya tura matasa wurin masu garake da magina da maƙera da madugai, su rubuto kalmomin siffa da ke bakinsu, cikin Hausa da Tamajak gefe da gefe, tun masu su suna raye.

A Tabelot kuwa darasin yana bakin ƙofa. Cikin rani, lokacin da ƙorama take bushe, malami zai iya fita da ajinsa da igiya mai awo. Rukuni ɗaya ya bi tsakiyar yashi yana aunawa, ɗaya ya auna miƙaƙƙen layi tsakanin itatuwa biyu, a raba na farko da na biyu a kan allo. Daga nan a tsaya a gaɓar ci a ga saiwoyin da ruwa ya tone, a tsallaka gaɓar ajiya a damƙi laka a hannu, a kira mai garkar da ke kusa a tambaye shi dalilin da ya sa kakansa ya haƙa rijiya a nan bai haƙa a can ba, da sunan da yake kiran kowane gefe da shi. Yaro zai koma aji da kalmomi uku na abu ɗaya, ta Tamajak da ta Hausa da ta Faransanci, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke zagin ƙoramar da ta raine shi.